Rawar Safa: Tarihin Taron Samari da 'Yan Mata a Makarantun Amurka



Tun ranar da aka liƙa sanarwar wannan lacca nake shan tambaya. Wani abokina ya tare ni a ƙofar ɗakin kwananmu ya ce, "Malam, duk abin da ya dami ƙasar nan ba ka ga na magana ba sai rawar 'ya'yan Amurka?" To, bari in fara da ba shi amsa, tun da ga shi can na hango shi a layin baya.

A hutun da ya wuce ƙanwata ta gama sakandare a wata makarantar kuɗi. Ana saura mako uku su fita, sai ta kawo wa mahaifinmu takarda daga makaranta, ana neman kuɗin wani biki wai shi "prom". Tsohon ya juya takardar gaba da baya, ya sa aka kira ni, ya ce tun da ni ne ɗan jami'a in gaya masa mene ne wannan abu, daga ina ya fito, kuma me ake yi a wurin. Na buɗe baki na rasa ta cewa, domin iyakar sanina da shi abin da na gani a fim ne. Kunyar da na ji ran nan ita ce ta kai ni laburare, abin da na samo kuwa shi ne zan ɗan gutsura muku yau. Ban zo in halatta rawa ko in haramta ta ba. Wannan fage yana da masu shi, ga wasunsu nan zaune. Tarihi na zo da shi, domin wanda ya ari riga ya kamata ya san jikin wa aka ɗinka wa.

Abu na farko da za mu lura da shi, tara samari da 'yan mata wuri guda, sa'a da sa'a, ba tsohon abu ba ne ko a Amurka. A shekarar 1900, cikin yara goma masu shekara 14 zuwa 17, da ƙyar ɗaya yake sakandare. Sauran suna gona, ko masaƙa, ko ramin kwal, ko aikatau a gidajen masu hali, suna cuɗanya da manya tun safe har dare. Zuwa 1940 kuwa abin ya juye, bakwai cikin goma suna makaranta. Dalilai suna da yawa, amma babba daga cikinsu shi ne karyewar tattalin arziki da ta fara a 1929. Magidanta kansu sun rasa aiki, balle yaro. A 1938 kuma gwamnatin tarayya ta kafa doka wadda ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 16 ba aiki a yawancin masana'antu. Yaron da ba shi da wurin zuwa sai ya zauna a aji. Ta haka aka wayi gari miliyoyin samari da 'yan mata suna wuni tare, maza da mata a aji ɗaya, suna kwaikwayon juna wajen sutura da magana, ba su da abin koyi sai sa'o'insu. 'Yan kasuwa ne suka fara gane an sami sabon rukunin mutane. A 1944 aka fara buga mujallar Seventeen musamman domin 'yan matan sakandare. A wannan shekara kuma dubban 'yan mata suka cika titi a birnin Niyu Yok don ganin mawaƙi Frank Sinatra, har sai da aka kira 'yan sanda. Jaridu suka riƙa kiran waɗannan 'yan mata da sunan gajeruwar farar safar da suke sawa. Ku riƙe maganar safar nan, za mu komo kanta.

To, ina za a kai wannan taron yara in an tashi daga makaranta? A da can, saurayi mai neman yarinya gidansu yake zuwa, kuma sai an gayyace shi. Ya zauna a falo, uwa tana kai da kawowa, kusan yadda ake zance a zaure a wurinmu. Amma talakan birni da ke cunkushe da iyalinsa a ɗaki biyu ba shi da falo. 'Ya'yansa sai suka koma gidajen rawa na kuɗi, inda ake sayar da giya, ba kuwa mai tambayar shekarun kowa. Wata baiwar Allah mai suna Jane Addams, wadda ta ƙare rayuwarta tana hidimar unguwannin talakawa a Chicago, ta rubuta littafi a 1909 a kan wannan al'amari. Ra'ayinta shi ne son wasa da nishaɗi halitta ce ga yaro, laifin na hukumar gari ne da ta bar wannan sha'awa a hannun masu neman riba. Maganin da ita da ire-irenta suka kawo shi ne, tun da ba a iya hanawa, to a jawo abin inda ido zai kai. Aka fara shirya rawa a zaurukan unguwa, da na coci, da makarantu.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa abin ƙaimi. Amurka ta shiga yaƙi a ƙarshen 1941, iyaye maza suka tafi fagen fama, mata da yawa suka shiga masana'antun makamai, yara suka riƙa komowa gida ba kowa. Jaridu suka cika da labarin kangarar yara. Garuruwa da dama suka buɗe wuraren shaƙatawa na matasa zalla, ba giya sai lemo, da akwatin garmaho wanda ake jefa wa kwabo ya sa faifai, da wani babba zaune a gefe yana kallo. Saboda haka kada wani ya ɗauka yara ne suka ƙwaci rawar makaranta daga hannun manya. Manya ne suka gina ta da hannunsu, kuma shinge suka nufa da ita.

Yanzu ga maganar safa. Kowace sakandare ta kirki a Amurka tana da babban zauren motsa jiki, mai daɓen katako da aka goge aka shafe da man ƙyalli domin ƙwallon kwando. Shi ne ɗaki mafi girma a makaranta, wani lokaci ma a garin duka. Takalman wancan zamani kuwa na fata ne, masu taurin ƙasa. In yara ɗari uku suka yi tsalle da su a kan daɓen nan dare ɗaya, da safe malamin wasanni sai ya ɗora hannu a ka. Sai aka ce kowa ya tuɓe takalmi a ƙofa. Daga nan sunan ya fito, "sock hop", watau rawar safa. Tun wajen 1944 reshen yara na ƙungiyar Red Cross yake shirya irinta don tara gudummawar yaƙi, zuwa 1948 ta zama yayi. Ku dubi abin dariya: sunan da ya zama tambarin wani zamani guda, asalinsa tsoron kuɗin gyaran daɓe ne. Da takalman roba suka yawaita daga baya aka daina tuɓewa, amma sunan ya zauna.

Yadda ake yinta ba wuya. Yawanci daren Juma'a ne, sau da yawa bayan wasan ƙwallo. A biya 'yan sulalla a ƙofa, a jibge takalma a kusurwa, in an tashi kowa ya sha neman ɗan'uwan takalminsa. Ba sai an ɗauko makaɗa ba. A 1949 kamfanin RCA Victor ya fito da ƙaramin faifai mai faɗin inci 7, mai juyi 45 a minti, wanda ba ya fashewa da sauƙi kamar na da, kuɗinsa kuma bai kai dala ɗaya ba. Yarinya tana iya saye da ladan renon 'ya'yan maƙwabta, ta zuba goma a jaka ta kawo. Garmaho ɗaya da lasifika sun isa biki. Wannan araha ita ce ƙarfin rawar safa. Ɗan mai kanti da ɗan leburan tasha duk a safa suke, kuma ba dole sai mutum ya zo da abokiyar tafiya ba.

Amma fa ido yana nan. Malamai da iyaye suna tsaye a ƙofa da gefen zaure. Akwai dokar sutura, akwai lokacin tashi, a makarantu da yawa kuma wanda ya fita ba ya komowa, don kada a je mota a kurɓi wani abu a dawo. In aka sa kiɗa mai sanyi, saurayi da budurwa suka matsu da juna, sai malama ta zo ta dafa kafaɗa ta ce a ba da tazara. Har fina-finai ake nunawa a aji na koyar da ladabin fita da yarinya. Kamfanin Coronet ya yi wani a 1949 da ke koya wa yaro yadda zai nemi yarinya ta raka shi, da yadda zai yi mata sallama a ƙofar gidansu. Mu da muka taso da labarin dandali mun san wani abu mai kama da wannan, domin dandali ma yana da sarkin samari, kuma idon gari yana kansa. Sai dai a can hukuma ce da kanta, mai rajista da ƙararrawa, ta ɗauki nauyin abin.

Akwai wata azaba a zauren nan da fina-finai ba su cika nunawa ba. Al'ada ta ce namiji ne ke neman rawa. Saboda haka maza su taru a bango ɗaya, mata a ɗaya bangon, sai yaro ya ratsa tsakiyar fili a kan idon kowa ya je ya tambaya, in an ƙi shi ya ratso ya komo. Yarinyar da ba wanda ya nema kuwa haka za ta ƙare daren tsaye jikin bango tana murmushin dole, ran Litinin kuma ta shiga aji da waɗanda suka gan ta. Sau ɗaya a shekara akan juya abin, mata su nemi maza, a wata rawa da ake kira Sadie Hawkins, sunan wata yarinya a labarin zane na jarida na 1937. Ni dai a ganina wannan rana ɗaya shaida ce a kan sauran ranakun shekara.

Shingen yana da wata ɓaraka tun farko, ita ce mota. Bayan yaƙi gidaje da yawa sun mallaki mota, yaro ɗan shekara 16 kuma yana iya samun lasin a yawancin jihohi. Malama tana da iko da abin da ke cikin zaure, amma in an tashi ƙarfe goma sha ɗaya, tsakanin ƙofar makaranta da ƙofar gida ba kowa. Wasu su tsaya shagon lemo da ƙanƙara, wasu su wuce silman da ake kallo daga cikin mota, waɗanda zuwa 1958 sun kai wajen 4,000 a ƙasar.

Wannan ita ce rawar yau da kullum. Babbar kuwa, wadda takardar ƙanwata ta ambata, sau ɗaya ake yinta a ƙarshen shekara, domin 'yan ajin ƙarshe da masu bi musu. Asalinta daga manyan jami'o'in arewa maso gabashin Amurka ne a ƙarshen ƙarni na 19, inda ake koya wa 'ya'yan masu kuɗi zaman liyafa. Sunan gajarta ce ta kalmar da ke nufin jerin gwanon da mahalarta ke yi, biyu-biyu, wajen buɗe biki. Ta gangaro sakandare tsakanin 1920 da 1940, da farko shayi ne da rawa a zauren makaranta, kowa da kayan zuwa cocinsa. Bayan yaƙi, da kuɗi suka yawaita, sai ta fara ƙaura zuwa otal. Yarinya ta ɗinka doguwar riga, yaro ya yi hayar kwat, ya sayi furen da za a maƙala mata, ya ari motar ubansa, ya biya tikiti da abinci. A zaɓi sarki da sarauniya. Duk abin da rawar safa ta rufe na bambancin arziki, wannan ta tone shi. Da na kawo nan a bayanina, mahaifinmu ya sake duban takardar ya ce, "To, wannan ɓangaren dai sun kwaikwayo shi daidai."

Sai mu tambaya, me ya sa manya suka damu haka da wa ya riƙe hannun wa a daren Juma'a? Amsar tana cikin lissafin aure. A 1956 kimanin rabin amaren fari a Amurka ba su haura shekara 20 ba, rabin angwaye kuma ba su haura 22 da 'yan watanni ba. Tun da aka fara ajiye wannan lissafi a 1890 ba a ga aure da wuri haka ba. Kafin yaƙi, yarinyar da ake yabo ita ce mai samari da yawa, wadda ba ta gama waƙa ɗaya a hannun mutum ɗaya. Bayan yaƙi sai yayi ya koma tsayar da ɗaya. Yaro ya ba yarinya zoben ajinsu ko rigar ƙungiyar wasansa, kowa ya san an kama wuri. Masaniyar tarihi Beth Bailey ta bi diddigin wannan canji a littafinta na 1988, ta nuna iyaye da limaman coci sun fi tsoron sabon yayin, domin sabo da mutum ɗaya ya fi kai yara ga abin da ake gudu. Ke nan daga zauren rawa zuwa ɗaurin aure tafiyar shekara ɗaya ce ko biyu. Wanda ya riƙe wannan zai gane duk abin da zai biyo baya.

Kafin in wuce, kada a ce duk Amurka ta yarda da abin. Ɗarikun Kirista da dama, musamman 'yan Baftis na Kudu, sun ɗauki rawar mace da namiji a matsayin ƙofar alfasha. Garin Elmore City a jihar Oklahoma ya hana rawa a fili wajen shekara 80, sai a 1980 ɗalibai suka samu izinin yin ta ban kwana, bayan gardama mai zafi da limaman garin. Jami'ar Baylor ta jihar Texas, wadda aka kafa a 1845, ba a yarda an yi rawa a harabarta ba sai 1996. Na faɗi wannan ne saboda masu cewa wai ƙyamar irin wannan taro alamar ƙauyanci ce irin tamu. Gardamar tana can a gidan masu abin tun kafin ta iso mu.

Yanzu mu zo ga kiɗan, domin ta nan ne shingen ya fi ɓallewa. Malama tana iya auna tazara tsakanin yaro da yarinya, amma faifan da ke juyawa daga wata unguwa ya fito. Yawancin rawar da 'ya'yan farar fata suka yi a zamanin nan, baƙar fata ne suka ƙago ta. Rawar Lindy, wadda ake wurga abokiyar rawa a cafe, ta yi suna ne a zauren Savoy na unguwar Harlem, wanda aka buɗe a 1926. Bayan yaƙi kuma 'ya'yan farar fata suka fara murɗa rediyo da dare suna kamo tashoshin da ke sa waƙoƙin baƙar fata. Wani mai sa faifai a gidan rediyo a birnin Cleveland, Alan Freed, ya shiga sa irin waɗannan waƙoƙi tun 1951, shi ne kuma ya yayata sunan rok-an-rol. Ran 21 ga Maris 1952 ya shirya rawa a wani babban zaure mai ɗaukar mutum wajen 10,000. Waɗanda suka zo sun ninka haka, yawancinsu matasa baƙar fata, aka ɓalle ƙofofi, hukuma ta tashi taron tun ba a yi nisa ba.

Zuwa 1955 da 1956, Chuck Berry da Little Richard da Fats Domino sun shiga jakar faya-fayan 'yan mata a ko'ina, ga kuma Elvis Presley, farin yaro daga Kudu da ya sha kiɗan baƙar fata tun yana ƙarami. Manya suka tashi tsaye. A watan Yuni 1956 'yan sandan Santa Cruz a jihar Kalifoniya suka tashi wata rawa ta matasa wajen 200, gari ya hana irin wannan kiɗa a taron jama'a. Ɗan sandan da ya ba da bayani bai manta ya ambaci cewa makaɗan baƙar fata ne ba. A jihar Alabama wata ƙungiyar farar fata ta shiga yawo tana neman a fitar da faya-fayan daga akwatunan garmaho, a watan Afrilu na wannan shekara kuma wasu mutanenta suka hau dandamali a Birmingham suka far wa Nat King Cole yana tsakiyar waƙa, shi da ba ma rok-an-rol yake yi ba. A garuruwan Kudu, in an yarda fari da baƙi su shiga zaure ɗaya, akan ɗaura igiya a tsakiya, 'yan sanda suna gadinta. Makaɗan zamanin da yawa sun ba da labarin yadda igiyar kan faɗi in kiɗa ya yi daɗi.

Ran 17 ga Mayu 1954 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai tara baki ɗaya, ta yanke cewa raba makarantun gwamnati bisa launin fata ya saɓa wa tsarin mulki. Wanda ya karanta abin da masu adawa da hukuncin suka riƙa faɗa zai ga ba darasin lissafi ne ya fi tsorata su ba. Abin da suke ta nanatawa shi ne yau aji ɗaya, gobe rawa ɗaya, jibi aure. A lokacin auren fari da baƙi laifi ne a duk jihohin Kudu, haka kuma ya zauna a jiha 16 har 1967. A watan Agusta 1955 aka kashe Emmett Till, yaro ɗan shekara 14, a jihar Misisipi, a kan zargin ya yi wa wata farar mace tsaurin ido a kanti, kotu kuma ta sallami waɗanda suka kashe shi. Ɗan shekara 14, 'yan'uwa, sa'an waɗanda ke tuɓe takalmi a ƙofar zaure. A 1956 majalisar jihar Louisiana ta kafa doka ta musamman wadda ta hana fari da baƙi yin rawa tare, ko liyafa, ko wasan motsa jiki.

Kowa ya san hoton yara tara baƙar fata da sojoji suka raka makarantar Central a Little Rock a 1957, bisa umurnin Shugaba Eisenhower. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne sharaɗin da hukumar makaranta ta gindaya musu tun kafin su shiga: aji kawai. Ba ƙungiyar wasa, ba ƙungiyar mawaƙa, ba wata hidima ta bayan darasi. An aiko soja ya kai yaro bakin allo, ba a aiko shi ya kai shi zauren rawa ba. A wurare da dama kuma, da aka tilasta haɗa makaranta, sai hukuma ta soke rawar ɗungum, kowa ya rasa.

Talabijin ta ɗauki rawar makaranta ta kai ta falon kowa, tare da igiyarta. A 1957 tashar ABC ta ba Alan Freed shiri. Aka nuno Frankie Lymon, mawaƙi baƙar fata ɗan shekara 14, yana rawa da wata farar yarinya, tashoshin Kudu suka yi ca, aka soke shirin cikin 'yan makonni. Wanda ya daɗe shi ne American Bandstand na Dick Clark, daga birnin Filadelfiya, wanda aka fara watsa wa ƙasa duka ran 5 ga Agusta 1957. Kowace ranar makaranta da la'asar yara su ruga gida su ga sa'o'insu suna rawa, maza da kwat da laktaye, su koyi sabon taku, ran Juma'a su gwada shi a zauren makaranta. Daga baya Clark ya riƙa cewa shi ya haɗa fari da baƙi a shirin tun 1957. Masanin tarihi Matthew Delmont ya bi hotuna, da jaridun lokacin, da bakin waɗanda aka mayar daga ƙofa, ya nuna a littafinsa na 2012 cewa har shirin ya bar Filadelfiya a 1964 kusan ba a barin 'ya'yan baƙar fata su shiga, alhali ɗakin shirin yana ɓangaren garin da suke da yawa. Ba a kafa allo a ƙofa an ce ban da su ba. Katin 'yan ƙungiya aka ƙago, da dokar sutura, da tikitin da kullum ya ƙare kafin su iso. Mawaƙi baƙar fata ya hau dandamali, a yi rawar da aka koyo daga unguwarsu, 'ya'yan unguwar kuwa suna waje. Su ma dai ba su zauna jiran kowa ba. Suna da rawarsu a makarantunsu da zaurukan cocinsu, tun 1955 kuma akwai shirin talabijin na Mitch Thomas daga garin Wilmington, wanda nasu ne, 'ya'yan farar fata kan leƙa su ɗauki taku.

A Baltimore akwai irin wannan shiri na Buddy Deane, shi kuwa bai ɓoye ba, rana ta dabam ake ware wa baƙar fata. A watan Agusta 1963 wasu matasa fari da baƙi suka haɗa baki, suka kutsa gaban kyamara suka yi rawa tare ana watsawa kai tsaye. Tashar ta gwammace ta kashe shirin a Janairu 1964 da ta haɗa yaran. Fim ɗin Hairspray na 1988 daga wannan labari aka ɗauko shi, sai dai a fim an ƙare kowa yana rawa da kowa. Ga wanda ke koyon tarihi daga fim sai ya yi hattara, ni ne kuwa na fara faɗawa wannan rami.

Wani abin mamaki, a tsakiyar wannan rigima rawar kanta ta canza. A 1960 Chubby Checker ya sake rera wata waƙar Hank Ballard, rawar tuwis ta kama duniya, har faifan ya zo na ɗaya a jerin ciniki sau biyu, a 1960 da 1962. A tuwis ba mai riƙe kowa, kowa yana murɗa ƙugunsa shi kaɗai. Aikin malamar nan mai auna tazara ya ƙare, yarinyar jikin bango ma ta samu shiga fili ba sai an neme ta ba. Amma manya ba su huta ba, suka ce ai murɗa ƙugun ya fi riƙon muni. Wannan zamani ne kuma ya ƙetaro teku ya iso mu. Hotunan da Malick Sidibé ya ɗauka a Bamako bayan samun mulkin kai cike suke da samari da 'yan mata suna irin wannan rawa, da James Brown ya zo Ikko a 1970 kuwa ya tarar matasa sun riga sun haddace faya-fayansa.

Sai wajen 1970 aka haɗa yawancin makarantun Kudu da gaske, shekara 16 bayan hukuncin kotu. A nan ne aka ɓullo da dabarar da ta fi kowace daɗewa. Makaranta ta ce ita ta cire hannunta daga sha'anin rawar ban kwana. Iyayen farar fata su kafa kwamiti, su tara kuɗinsu, su kama zaure, su aika wa wanda suka ga dama katin gayyata. Iyayen baƙar fata su ma su yi nasu. Tun da biki ne na masu zaman kansu, kotu ba ta da ta cewa. Yara su yi shekaru a aji ɗaya, su buga ƙwallo a ƙungiya ɗaya, su ci abinci a tebur ɗaya, daren ƙarshe kowa ya nufi zaurensa.

A garin Charleston na jihar Misisipi, ɗan wasan fim Morgan Freeman, wanda yake zaune a yankin, ya ce a 1997 zai biya kuɗin bikin duka in za a yi shi a haɗe. Aka ƙi. Sai a 2008 aka karɓa, duk da haka wasu iyayen farar fata suka shirya nasu a gefe. A gundumar Wilcox ta jihar Jojiya kuwa, har 2013 biki biyu ake yi, watau Barack Obama yana cikin wa'adinsa na biyu na shugabancin ƙasa. 'Yan mata huɗu, ƙawayen juna tun suna ƙanana, biyu farare biyu baƙaƙe, suka ce su ba su ga dalilin da zai raba su a daren ƙarshe ba. Suka buɗe shafi a Facebook, gudummawa ta zo daga nesa da kusa, suka yi bikinsu ran 27 ga Afrilu 2013. An yi na farar fata zalla a wannan shekara ma, kwanaki kaɗan kafin nasu. A 2014 ne makarantar da kanta ta shirya biki ɗaya domin kowa, shekara 60 bayan hukuncin Kotun Ƙoli.

Shugaba, na ga kana duban agogo. Na san wani zai tambaya, saboda haka in faɗa tun yanzu: ƙanwata ta je bikinta, bisa sharaɗin ni zan kai ta, in jira a ƙofa, in komo da ita kafin magariba.